Mafarki da Himma: Sharhi a kan Ma'aunin da LeVine Ya Auna Bahaushe da Shi

Gabatarwa

Masana ilimin halayyar ɗan Adam cikin jama'a suna da'awar cewa za su iya bayyana dalilin da ke sa mutum ya yi abin da yake yi yau da kullum, watau abin da ke sa shi fushi ko jin kunya, da abin da ke sa wani ya tashi da asuba ya nufi gona alhali maƙwabcinsa yana kwance. Wannan da'awa ba ta banza ba ce, ilimin ya haskaka abubuwa da dama. Amma a inda ya taɓo Bahaushe kai tsaye, akwai wani littafi guda wanda hukuncinsa ya daɗe yana yawo a bakin 'yan boko, har waɗanda ba su taɓa buɗe shi ba suna maimaita abin da ya ce. Littafin shi ne Dreams and Deeds, watau Mafarkai da Ayyuka, na Robert LeVine, wanda maɗaba'ar Jami'ar Shikago ta buga a 1966. Manufar wannan takarda ita ce mu duba ma'aunin da aka yi amfani da shi a cikin littafin, mu gwada shi da rayuwar da muka sani a ƙauyukan ƙasar Kano irin su Achika ta gundumar Wudil, mu ga ko mudun ya dace da hatsin da aka auna.

Abin da littafin ya ƙunsa

LeVine ya ɗora aikinsa ne a kan ra'ayin David McClelland na Jami'ar Harvard. A littafinsa na 1961, The Achieving Society, McClelland ya ce akwai wani buri da ke cikin zuciyar mutum na son ya ƙware, ya yi gasa da wani mizani na nagarta, kuma al'ummar da wannan buri ya yawaita a cikinta ita ce tattalin arzikinta ke bunƙasa. Har ya kai ga kwatanta labaran da ke cikin littattafan karatun yara na ƙasashe daban-daban da yawan wutar lantarkin da ƙasashen suka samar daga baya. To, a farkon shekarun 1960 LeVine ya tara 'yan makarantar sakandare 342, dukansu maza, Ibo da Yarbawa da Hausawa, ya sa suka rubuta mafarkan da suka yi, suka kuma rubuta insha'i a kan wane ne mutumin da ya ci nasara, da yadda yaro zai zama irin wannan mutum. Aka kai takardun aka tace su bisa ƙa'idar McClelland. Sakamakon shi ne, a cikin Ibo sama da kashi 40 cikin ɗari mafarkansu sun nuna burin ƙwarewa, Yarbawa suna biye, Hausawa kuwa ba su kai kashi 20 ba. A wajen insha'i kuma Hausawa ne suka fi ambaton biyayya da ladabi a matsayin hanyar ci gaba.

Dalilin da LeVine ya bayar shi ne tsarin ɗaukaka na gargajiya. Ya dogara ga rubuce-rubucen M. G. Smith, musamman Government in Zazzau na 1960, ya ce a ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 hanyar hawa sama ita ce barantaka, watau mutum ya kama ƙafar wani ubangida mai sarauta, ya yi masa biyayya har a ba shi muƙami. Saboda haka, in ji shi, iyaye suka riƙa tarbiyyar 'ya'yansu a kan ladabi, a ƙasar Ibo kuwa, inda mutum ke sayen muƙami da guminsa, suka riƙa tarbiyyarsu a kan dogaro da kai.

Ya kamata mu ba marubucin haƙƙinsa. Bai ce abin a jini yake ba, ya nemi sanadinsa ne a cikin tarihi, kuma ya auna wasu dalilan kafin ya tsaya a kan nasa. Sai dai littafin ya fito a mummunar shekara. A 1966 aka yi juyin mulki har sau biyu, aka yi kashe-kashe, a 1967 yaƙin basasa ya ɓarke. Maganar da aka yi cikin taka-tsantsan a ɗakin nazari sai ta faɗa hannun masu neman hujja, ta zama wai ilimi ya tabbatar Bahaushe ba shi da zuciyar nema. Wannan ne ya sa har yau littafin ya cancanci a tsaya a kansa.

Wa ke faɗin mafarkinsa?

Babban rauni na farko yana ga mafarkin kansa. LeVine ya zaɓi mafarki ne don yana ganin a nan ne zuciya ke magana ba tare da shamaki ba. Amma fa abin da ya samu a hannunsa labarin mafarki ne, wanda yaro ya rubuta ido biyu, cikin aji, da Turanci, don baƙo ya karanta. Tsakanin mafarki da labarinsa akwai ƙofa, kuma kowace al'umma da irin mai gadin da ta sa a bakinta.

Yaron da ya tashi a gari irin Achika ya san ƙissar Annabi Yusufu tun yana makarantar allo. Mafarkin da ke farkon wannan ƙissa mafarkin ɗaukaka ne tsantsa, irin wanda mai tacewa a Shikago zai yi murna da gani. To, me mahaifinsa, Annabi Yaƙubu, ya umurce shi? Ya hana shi faɗa wa 'yan'uwansa, don gudun hassada. Har ila yau karantarwar hadisi ita ce kyakkyawan mafarki ba a faɗa sai ga masoyi, mummuna kuwa a nemi tsari a yi shiru. A kan wannan kuma ga al'adar gida, ga tsoron baki da kambun baka, ga kunya da ke hana mutum yabon kansa. Manomi ya cika rumbu uku, in an tambaye shi damina sai ya ce an gode Allah, an sami na koko. Ɗan kasuwa ya ci riba mai tsoka, in an ce ina kasuwa sai ya ce alhamdu lillahi, ana lallaɓawa. Duk mai hankali ya san ba a auna rumbu da wannan amsa. Ashe ke nan yaron da ya yi mafarki ya zama Alƙalin Alƙalai, in ya rubuta wa Bature cewa ya ga kansa yana wanka a kogi, ya yi abin da tarbiyyarsa ta koya masa, shi kuwa mai tacewa ya rubuta masa sifiri.

Abin da wannan gwaji ya auna da tabbaci shi ne yawan yaran da suka yarda su bayyana burinsu a takarda. Wannan ma abin sani ne mai amfani, amma sunansa daban.

Waɗanne Hausawa?

Hausawan da ke cikin gwajin ba su kai ɗari ba, kuma 'yan sakandare ne a lokacin da sakandare ke da wuyar samu ƙwarai a Jihar Arewa. A wancan zamani ta hannun hakimai da dagatai ake ɗibar yara a kai su makarantar boko, da yawa daga cikin waɗanda suka yi nisa 'ya'yan sarakai ne da ma'aikatan En'e, ko na barorinsu. Watau an je gidan da barantaka ta fi ƙarfi, an tambayi 'ya'yansa hanyar ci gaba, sun ce biyayya. Ba abin mamaki a nan. Ɗan falke yana kan hanya tare da ubansa, ɗan malami yana gabas wajen karatu, ba wanda ya tambaye su mafarkinsu.

Haka nan Zazzau da aka ɗauka madubi. Littafin Smith a kan mulki yake magana, kuma Zazzau tana da wani hali nata, domin gidajen sarauta huɗu ne a cikinta bayan jihadi, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, duk sarkin da ya hau yakan sauke mutanen wanda ya gada ya naɗa nasa. A irin wannan fada lalle kama ƙafa shi ne jari. Amma fada ɗaya ce daga cikin hanyoyin ɗaukaka, kuma Kano, wadda Barth ya tarar a 1851 tana tura tufafinta har Tumbutu da Tarabulus, da saƙa da rini da fatauci ta yi suna. Shi kansa Smith, a maƙalarsa ta 1959 a kan darajojin Hausawa, ya bambanta sana'ar karda, wadda aka gada, da shigege, wadda mutum ya shiga da kansa. Da ba a shiga, da kalmar ba ta samu ba.

Ayyuka

Rabin sunan littafin ayyuka ne, to bari mu duba su. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanyar ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suke so, don masaƙun Lankasha, har da ƙungiyar da suka kafa musamman domin haka. Manoman Kano suka yi lissafinsu, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi ana cinta in fari ya zo, ga harawa ta dabbobi. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga wajen tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Jan Hogendorn ya nuna a littafinsa na 1978 cewa fataken goro na Kano ne suka bazu ƙauyuka suna ba manoma bashi da kaya don su shuka ta. Wannan juyi na shekara guda ba umurnin sarki ba ne, ba kuma na Razdan ba. Mutanen da suka yi shi kakannin yaran LeVine ne.

Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji, ya fara da fataucin goro a ƙasar Gwanja da bakin teku, ya dawo ya shiga gyaɗa, ya rasu a 1955 ana ƙidaya shi a sahun farko na attajiran Afirka ta Yamma, ba tare da ya riƙe sarauta ba. Za a iya cewa mutum ɗaya ba ya zama hujja. Gaskiya ne. Amma Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 a kan ayarin goro, ya nuna Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari jama'u ne sukutum da suka tashi daga ƙasƙanci zuwa wadata ta hanyar fatauci. Kuma a 1962 da 1963, kusan lokacin da ake tattara mafarkan nan, Abner Cohen yana zaune a unguwar Sabo ta Ibadan yana nazarin yadda Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kurmi ba banki ba takarda.

Wannan ciniki na Sabo shi ne ya kawo mu gida, domin ɗaya daga cikin bakinsa na arewa yana Wudil, a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, inda kara ke ci kowace Juma'a, ana loda shanu zuwa kudu. Mutumin Achika da ke son shiga wannan harka ba ya farawa da jari. Yakan fara ne da zama yaron wani, yana riƙe igiya, yana kora, yana bin mota zuwa Ikko ya dawo da kuɗin da ba nasa ba cif-cif. In an ga amanarsa sai a bar shi ya yi dillanci ya ci la'ada. In an ga idonsa, watau ya iya duban sa ya faɗi abin da zai yi a kudu, sai maigida ya ba shi jari a raba riba, daga bisani ya sallame shi ya tsaya da ƙafarsa, shi ma ya ɗauki yara. LeVine ya raba biyayya da himma gida biyu, kamar in ɗaya ta hau dole ɗaya ta sauka. A kara kuwa tare suke tafiya. Maigida ba ya ba rago jari komai ladabinsa, domin durƙuso ba ya sayar da saniya. Ba ya kuma ba mai ƙwazo marar amana, domin cinikin bashi ne, in yaro ya gudu da kuɗi sunan maigida ne ya ɓaci. Yaron da ya rubuta cewa ana cin nasara ta hanyar bin na gaba, mai yiwuwa matakin farko na tsani yake kwatantawa, mai karatu ya ɗauka a nan ya yi niyyar zama.

In kuwa gasa da mizanin nagarta ake nema, kamar yadda McClelland ya fassara burin, ai ga ta a fili inda ba a duba ba. A tsangaya akwai ƙolo da titibiri da gardi, sannan alaramma, sannan gwani, har gangaran, kuma ba a gadon ko ɗaya, ba a kuma saya. Mutum yakan shekara ashirin yana tilawa da satu, ya rubuta Alƙur'ani da ka, a kai gaban gwanaye su bi shi wasali wasali. A noma akwai cika dubu, watau manomi ya noma dami dubu a damina ɗaya ya yi biki ya rabar, a kira shi sarkin noma, al'adar da Guy Nicolas ya yi nazarinta a yankin Maraɗi. Ga gayya, inda samari ke tsere a kan kunya makaɗi yana zuga su, ga dambe da kokawa bayan kaka. Harshen ma shaida ne: muna da himma da ƙwazo da naci da zafin nema, muna zagin mutum da rago da cima-zaune da mai matacciyar zuciya, muna cewa himma ba ta ga rago, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ba mu ɓoye cewa akwai karin magana na ɗaya ɓangaren ba, irin su bin na gaba bin Allah, da rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Karin magana kamar kasuwa ne, kowa da abin da ya je saye. Abin lura dai shi ne na biyun sau da yawa bayan an yi ƙoƙari an rasa ake faɗinsu, don sanyaya zuciya, kuma wanda ya kawo su tun kafin ya ɗauki fartanya dariya ake yi masa.

A nan za mu ɗan ratse mu ce ko Anthony Kirk-Greene, wanda ya san Hausa ƙwarai, da ya lissafa halayen mutumin kirki guda goma a laccarsa da aka buga a 1974, ya kawo gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci, bai sa himma ba. Muna ganin dalili shi ne kirki da himma ma'auni biyu ne a wurin Bahaushe. Ana iya cewa wane mutumin kirki ne, sai dai ba shi da zuciya, kuma duk uban da ake neman 'yarsa ya san nauyin wannan "sai dai".

Hali ko halin da ake ciki

Abin da LeVine yake son ya bayyana tun asali shi ne ratar da ke tsakanin kabilu a ilimin boko da aikin zamani. Shekara goma sha ɗaya bayan littafinsa, a 1977, Lee Ross ya raɗa wa wani kuskure suna, wanda ya zama ginshiƙi a wannan ilimi: ɗan Adam yana da saurin danganta abin da wani ya yi ga halinsa, ya manta da halin da yake ciki. In muka ga mutum ya makara sai mu ce malalaci ne, ba mu tambaya ko gada ce ta karye. To, 'yan mishan sun sauka Onica a 1857, an buɗe sakandare a Ikko a 1859, makarantar boko ta farko ta gwamnati a Kano kuwa, wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa, sai a 1909, kuma gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar mishan ƙasashen sarakunan Musulmi ba tare da ta zuba kuɗin da zai cike gurbin ba. Ratar shekara hamsin a ƙofar makaranta ta isa ta bayyana ratar da aka gani a ofis, ba sai an shiga mafarkin kowa ba. Da sandar ilimin nan kansa muke dukan littafin, kuma wannan yabo ne ga ilimin.

Daga baya ma masanan sun farga da girman matsalar mudu. A 2008 Jeffrey Arnett ya ƙidaya mutanen da aka yi gwaji da su a manyan mujallun wannan fanni, ya tarar kashi 96 cikin ɗari daga ƙasashen Turawa masu masana'antu suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa suka nuna cewa waɗannan mutane, a gwaje-gwaje da dama, su ne bare in an kwatanta da sauran 'yan Adam. Ƙa'idar da aka tace mafarkan 'yan Arewa da ita a kan ɗaliban Amurka aka gina ta, inda ake koya wa yaro tun yana ƙarami ya ce ni ne na yi.

Shi kansa LeVine ya dawo Arewa daga baya, ya yi aiki tare da Jami'ar Ahmadu Bello, kuma abin da ya fito daga wannan zama ya fi na farko inganci nesa. A wani nazari da aka buga a 1977, wanda shi da abokan aikinsa suka yi a kan jarirai 18 a gidajen Hausawa, an shiga gida an zauna an duba. Aka tarar jariri yakan shaƙu da mutum uku ko huɗu a lokaci guda, kuma wanda ya fi shaƙuwa da shi shi ne wanda ya fi ɗaukarsa, ko da ba uwarsa ba ce. Duk wanda ya san kunyar ɗan fari, ya san yadda kaka da gwaggo da kishiyar uwa ke karɓar yaro, zai ce ai haka ne. Da an auna uwar ɗan fari da takardar tambayoyi, an tambaye ta sau nawa take kiran sunan ɗanta, da an rubuta cewa ba ta ƙaunarsa.

Akwai kuma rabin jama'a da littafin 1966 bai ko leƙa ba. Polly Hill ta rubuta a 1969 a kan cinikin ɓoye da matan kulle ke yi daga cikin gida, Enid Schildkrout kuma ta bi sawun yara masu talla a birnin Kano a shekarun 1970. Matar da ke soya ƙuli a Achika, ta tura 'yarta da tire, ta zuba adashi, ta sayi tunkiya, tunkiya ta zama saniya, saniya ta zama kayan ɗakin 'yar nan, tana tsara shiri ne na shekara goma ko fiye, tana kuma sane da abin da ƙawayenta suka jera a ɗakin nasu 'ya'yan. Mai son auna burinta sai ya koyi lissafin biki, ya san wa ta kai wa nawa, wa zai ninka mata, ya kuma jira ranar jere ya ƙidaya kwanuka.